Jinin Lebura a Wuyan Wa?

Akwai wata magana da ba ta nisa da bakin Bahaushe duk lokacin da mugun abu ya auku, wato "tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Magana ce mai sanyaya zuciya, kuma ba mu ɗauki alƙalami don mu ƙaryata ta ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ta zama mayafin da ake rufa wa gawar leburan da ya faɗo daga saman gini, a haɗa a rufe har da tambayoyin da ya kamata a yi kafin a kai shi makwanci. Wane irin katako ya taka? Wa ya ɗaura katakon, kuma wa ya ce a yi amfani da shi bayan an ga ya tsage? Kwana nawa da zuba dakin ɗin da aka cire wa tokara? Da zarar wani dattijo ya ce "kwanansa ne ya ƙare", sai kowa ya yi shiru, a yi masa salla a kai shi, washegari a ci gaba da kwaɓa siminti. Tambayar da muke so mu tattauna da mai karatu ita ce, shin kalmar ƙaddara tana da nauyi iri ɗaya a bakin matar mamaci da kuma a bakin wanda ya yi tsimin kuɗin katako?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tun ranar 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ta mai da Birnin Kebbi hedikwata, garin bai huta da gini ba. An gina sakatariya a Gwadangaji, an yi filin jirgin sama a Ambursa, Jami'ar Tarayya ta zo a 2013, unguwanni sun tsiro a inda dā gonakin gero ne. Da harkar shinkafa ta bunƙasa, musamman bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a nan Kebbi a watan Nuwamba 2015, sai manyan injinan casa da rumbunan ajiya suka tashi, har da katafariyar masana'antar shinkafa da aka buɗe a Argungu a 2017. Duk wannan abin alfahari ne. To, amma kowane bulo da ke jikin waɗannan gine-gine, da na dubban gidajen talakawa da ba su da suna, a kan wani ya hau. Mafi yawan masu ɗaukarsa manoma ne da suka fito ci-rani bayan an kai amfanin gona gida, daga ƙauyukan Arewa da Dandi da Augie, wasu ma daga tsallaken iyaka, ƙasar Doso da Dogondutsi. Da safe su tsaya bakin titi da shebur da kwanon sarki, wanda Allah ya ciyar a ɗauke shi, a biya shi da yamma. Ba takarda, ba shaida, sau da yawa ko cikakken sunansa ba a tambaya.

Mantawa da mai ɗaukar dutse tsohuwar al'ada ce. Kowane yaro a ƙasar Kabi ya san Kanta ne ya gina Surame a ƙarni na 16, ganuwar dutse da har yau kufanta ke ba masu ziyara mamaki. Labarin baka ma yana cewa da Nufawa suka makara wajen zuwa aikin, sai aka sa su kwaɓa ƙasar rabonsu da man kaɗanya maimakon ruwa. An riƙe sunan sarki, an riƙe labarin horon da ya yi, amma babu bakin da ya riƙe yawan waɗanda dutse ya danne. Sai dai kada mu yi wa magabata rashin adalci. Ginin gargajiya yana da nasa ladabi. Magini ɗan gado ne, yana ƙarƙashin Sarkin Magina, ya san ba a ɗora sabon tubali sai na ƙasa ya sha iska, ya san azarar da za ta ɗauki soro da wadda ba za ta ɗauka ba, kuma idan bango ya rushe gari duka ya san hannun wa ya yi shi. Kunya ita ce sufeton wancan zamani. Yau kuwa mai gida yana Abuja, ɗan kwangila ya sayar wa wani ɗan kwangilar, shi kuma ya ba birkila jinga, birkila ya ɗebo leburori a bakin hanya. Idan abu ya faru, kowa sai ya nuna na gabansa, har alhakin ya narke a tsakani kamar gishiri a ruwa.

Shi kansa aikin ma ya canza. Ƙasa da tubali ba su ƙona fata, siminti kuwa yana ci. Duk wanda ya taɓa duban tafin ƙafar mai kwaɓa kankare ba takalmi ya ga yadda take tsattsagewa, kuma ƙurar da yake shaƙa wajen juye buhu tana taruwa a huhu shekara da shekaru. Ranar zubin dakin, sai ka ga jerin samari ɗauke da kwanon sarki suna hawa wani gadon katako da aka harhaɗa da ƙusa, ba abin dafawa dama ko hagu, ƙarƙashinsu kuma rodi ne a tsaitsaye kamar masu. Wani yana ɗaga rodi mai tsawo kusa da wayar lantarki. Wani yana cikin ramin salga ko rijiya da ba a tokare gefenta ba, a ƙasar fadama mai yashi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, wani lokaci ma da azumi a baki, jiri kaɗan ya isa. Injiniyoyi sun ce kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, amma mai haya da katako yana son kayansa, mai gida yana gaggawa, sai a cire tokara tun bai nuna ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba gaibu ba ne. Duk wanda ya shekara biyu a sana'ar ya san su, ya kuma san maganinsu.

A nan ne maganar ƙaddara take buƙatar a tsaya a kanta da kyau, domin mu mutane ne masu imani da ita, mai daɗi da marar daɗi. Mun yarda babu ran da zai fita sai da izinin Mai shi. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa wannan imani yana ɗauke wa mutum nauyin abin da hannunsa ya aikata ba. Da haka ne, da babu alƙali, da babu diyya, da ɓarawo ma ya ce an rubuta masa. Tarihi ya nuna Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can sai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nisa'i, ya wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, wato wanda bai yi niyya ba sam. Idan har wanda bai yi nufi ba an ɗora masa nauyi, ina ga wanda aka gaya wa katakon nan ya ruɓe, ya ce a lallaɓa a gama yau?

Wani almajiri mai kaifin kai zai iya tare mu a nan, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce ai a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, an nuna cewa wanda ya mutu a rijiya ko ramin haƙar ma'adini babu diyyarsa a kan kowa. Gaskiya ne akwai wannan hukunci. Sai dai an ɗaure shi da sharaɗi, shi ne mutuwar ta kasance ba da aikin wani ba. Mutumin da ya shiga rijiya da saninsa, da kayan aikinsa, ƙasa ta rufta masa ba tare da wani ya jawo ba, wannan daban. Malaman Malikiyya ɗin nan kuwa su ne suka ce wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a inda ba shi da izini zai yi lamunin abin da ya faɗa ciki, haka ma mai bangon da ya karkata aka gargaɗe shi ya ƙi rushewa har ya faɗa kan wani. Ma'aunin dai shi ne, wa ya san haɗarin, wa ke da ikon kawar da shi, ya bari? Yanke fatawa aikin malamai ne, mu namu tambaya. Muna roƙon malaman Gwandu da Argungu, magada ilmin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, su duba mana: rage siminti a cikin kwaɓi, da cire tokara kafin lokaci, da hana igiya ga mai hawa bene na uku, shin ba su shiga cikin "aikin wani" ba?

Akwai abin lura a abin da ya faru a Makka ranar 11 ga Satumba 2015, lokacin da ƙugiyar gini ta faɗo cikin Masallacin Harami ta kashe mutum fiye da 100, har da alhazan Nijeriya. An yi iska mai ƙarfi da ruwan sama a ranar, kuma babu wurin da ya fi nan dacewa a ce mutum ya yi kyakkyawan ƙarshe. Duk da haka hukumomin Saudiyya ba su tsaya ga faɗin ƙaddara ba. An kafa kwamitin bincike, an dakatar da kamfanin Binladin daga karɓar sababbin kwangiloli na wani lokaci, Sarki Salman ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan 1, maganar kuma ta je gaban kotu. Babu wanda ya ce yin haka raunin imani ne.

Mu dawo gida, mu tsaya bakin Matan Fada. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu a siffar da aka san shi yau, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Dubi masuncin Kabi sa'ad da zai faɗa ruwa: homa a hannu, ƙaton gora a ƙirji. Goran nan ma'ajin kifi ne, kuma shi ne ke riƙe shi a saman ruwa idan ya gaji. Ga Sarkin Ruwa, wanda ba a shiga sai da izininsa, kuma amincin masu shiga yana wuyansa. Mutanen da suka gāji ruwa tun daga kakanni, waɗanda suka fi kowa iya iyo, su ne ba su raina shi. Ba mu taɓa jin an ce wa mai gora ba shi da tawakkali ba. Me ya sa ɗan wannan masuncin, idan ya bar kogi ya hau bene a Birnin Kebbi, neman igiya da hular kwano zai zama tsoro ko ƙyuya? Al'adarmu ta san rigakafi sarai. Abin da ya faru shi ne sabuwar sana'a ta zo mana da injinta da simintinta, ladabinta kuwa aka baro shi a hanya, kuma babu wani Sarkin Ruwa a filin gini.

Sai wani ya ce ai akwai doka. Akwai kam, a takarda. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 17, ya ɗora wa gwamnati kula da lafiya da amincin duk mai aiki, sai dai sashen yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Tsarin mulkin ya kuma sa sha'anin ƙwadago da amincin ma'aikata cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka sufetocin da ke da hurumin dubawa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne. Babbar dokar da suke riƙe da ita, Dokar Masana'antu ta 1987, an rubuta ta ne da masaƙa da injin niƙa a zuci, kuma masana sun daɗe suna kokawa cewa ba ta rufe filin gini yadda ya kamata ba. Tarar da ta yanka wa mai masana'antar da saɓa dokarsa ya jawo mutuwar ma'aikaci ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba. A shekarar 2024 wannan kuɗi bai isa sayen buhun siminti ɗaya ba. An fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006. Akwai hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi, da CORBON ta ƙwararrun magina. Nijeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, ita kuma ƙungiyar a 2022 ta ayyana aminci a wurin aiki cikin haƙƙoƙin asali na kowane ma'aikaci. Hukumar raya birane ta jiha tana duba zanen gini kafin ta ba da izini, amma zane ba ya nuna irin katakon da lebura zai taka.

Idan aka yi gini ya rushe a babban birni, sai ƙasa ta ɗauka. Haka aka yi ranar 1 ga Nuwamba 2021 da bene mai hawa 21 ya rufta a unguwar Ikoyi ta Legas ya kashe mutum fiye da 40, galibinsu ma'aikata, haka kuma da wani bene da ake kan ginawa ya faɗi a titin Beirut na Kano a watan Agusta 2022. Jaridu su yi mako suna bugawa, a kafa kwamiti. Irin mutuwar da muke magana a kanta kuwa ɗaya-ɗaya take zuwa. Mutum guda ya zame daga hawa na biyu, a sa shi a Keke Napep a nufi asibiti, ko a wuce da shi wurin mai ɗori. Idan ya rayu da karyayyen ƙugu, ya koma ƙauye ya zama nauyi a kan 'yan'uwa, gonarsa ta kwana ba noma. Ba ya shiga jarida, ba ya shiga lissafin kowa.

Yanzu bari mu ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, don kada a ce mun yi shari'a da kunne ɗaya. Hujja ta farko da akan kawo ita ce lebura da ƙafarsa ya zo, ba wanda ya tilasta shi, ya ga aikin ya ga haɗarin ya yarda. Wannan hujja tana da kamar ƙarfi, amma a duba yardar da kyau. Mutumin da ya baro iyali da ragowar hatsin da ba zai kai damina ba, yana tsaye cikin mutum talatin da ke jiran a ɗauki biyar, idan ya ce "ranka ya daɗe, katakon nan ba zai ɗauke ni ba", amsar da zai samu ita ce "to matsa, wani ya zo." Ya san haka, shi ya sa ba ya faɗa. Yardar da yunwa ta karɓo daga bakin mutum ba ta kai ta wanke wanda ya ci ribarta ba. Kuma ko a ciniki, abin da lebura ya sayar shi ne ƙarfinsa na yini guda. Bai sayar da ƙashin bayansa ba, ba a kuma biya shi kuɗinsa ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu gan ta ba. Yawancin masu gini a Badariya ko Bayan Kara ko cikin garin Argungu ba attajirai ba ne. Malamin makaranta ne da ke tara bulo ɗari-ɗari daga albashi, ko ɗan fansho da ke son ya rufa wa 'ya'yansa asiri kafin ya mutu. Idan aka ce sai ya ɗauki injiniya, ya sayi hula da takalmi da bel na mutum goma, ginin zai tsaya, leburan ma ya rasa na abinci. Wannan gaskiya ce, kuma dokar da aka kwafo daga Ingila aka ɗora wa irin wannan mutum ba tare da duban halinsa ba, ƙarshenta ta zama hanyar karɓar na goro. Amma mu lura, abubuwan da suka fi ceton rai ba su ne suka fi tsada ba. Katako mai lafiya maimakon ruɓaɓɓe, sanda guda a gicciye a matsayin madafa, igiya, lanƙwasa kan rodin da ke tsaye, randar ruwa a inuwa, hutun awa biyu da tsakar rana a bazara, haƙurin 'yan makonni kafin a cire tokara, hana yaro ƙarami hawa sama. Wanda ya iya sayen tayil da fenti mai sheƙi ba zai ce waɗannan sun fi ƙarfinsa ba. Nauyi gwargwadon iko ne. Abin da za a nema wurin malamin makaranta kaɗan ne, abin da za a nema wurin kamfanin da ya karɓi kwangilar biliyoyin naira daga gwamnati kuwa cikakke ne, ba ragi, domin an riga an sa kuɗin kariyar a cikin lissafin kwangilar.

Hujja ta uku ita ce su kansu leburorin ba su so. A ba mutum hular kwano ya ajiye ya ce zafi, a ba shi takalmi ya kai kasuwa, abokansa ma su yi masa dariya su ce ya zama Bature. Wannan ma yana faruwa, kuma akwai wata jarumtar banza a tsakanin samari da ke ɗaukar ganganci a matsayin mazakuta. To amma wa ke da iko a filin? Helumar da zai iya korar mutum saboda ya makara minti goma, ko ya zaftare masa kuɗi don ya fasa bulo biyu, ba zai ce ya kasa sa shi ya ɗaura igiya ba. Abin da shugaba ya ɗauka da muhimmanci shi mabiya ke ɗauka. Inda ake ƙirga buhunan siminti sau biyu a yini amma ba a taɓa duba ƙusar gadon katako ba, lebura ya riga ya gane abin da ke da daraja a wurin.

Tun kusan shekara 3,700 da suka wuce, dokokin Hammurabi na Babila suka yanke cewa maginin da gidansa ya rushe ya kashe mai gida, shi ma a kashe shi. Amma idan bawan mai gida ne ya mutu, sai magini ya biya da wani bawan, magana ta ƙare. Mukan karanta wannan mu yi tsaki, mu ce zamanin jahiliyya. Sai dai a duba yadda muke yi. Idan injiniya ko ɗan mai gida ya ji rauni a filin gini, har Sakkwato ko Kano za a kai shi. Idan ɗan ci-rani ne, a ba 'yan'uwansa kuɗin mota da na likkafani, a haɗa da buhun shinkafa, a kira shi taimako, su kuma su yi godiya har ƙasa. Kalmar "taimako" ɗin nan ita ce ta fi ci mana rai, domin ta mai da haƙƙi ya zama alfarma. Wanda ake bi bashi ya koma mai kyauta, har ana sa masa albarka. Su kuma iyalan, kunya da tsoron a ce ba su yarda da hukuncin Allah ba sun hana su buɗe baki. Haƙuri da yafiya nasu ne, in sun ga dama su yi, kuma Allah zai ba su lada. Wanda ya yi sakacin ba shi da hurumin ya yi wa kansa yafiya da bakinsu, ko ya riga su faɗin "haka Allah ya so."

Tunda wannan mujalla ta marubuta ce, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Littattafan hikaya na Hausa cike suke da gidaje na alfarma. Akan ɓata shafi biyu ana siffanta benen Alhaji, da falo, da labule, da fitilu masu lilo, kafin jaruma ta sauko daga matakala. Da wuya ka ga wanda ya zuba matakalar. Ga matashin marubuci mai neman labarin da ba a gaji da shi ba, ga shi nan a bakin titi da shebur a kafaɗa. Yana da ƙauye, yana da budurwar da yake tara kuɗin aurenta, yana da karin harshensa na Kabi ko na Arewa, yana da dabarun da yake kare kansa da su, kamar ɗaura ledar siminti a ƙafa a madadin takalmi. A je a zauna da shi a wurin mai shayi, a ji yadda ake jinga, da yadda heluma ke cin nasa kason, da abin da ake faɗa a daren da aka rasa ɗaya daga cikinsu. Abin da mutane suka saba gani a labari da suna da fuska, yakan yi musu wuyar tsallakewa idan sun gan shi kwance a ƙasa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata duk mai ilmin karatu ya sani, ya kuma kai wa wanda bai sani ba. A watan Disamba 2010 aka sa hannu kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, wato naira ɗaya a kowace ɗari. Ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Dokar ba ta tsaya ga masu albashin wata ba, ta haɗa da ɗan aikin yini da mai koyon sana'a, kuma ba sai an tabbatar da laifin wani kafin a biya ba. Idan ma'aikaci ya mutu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suka dogara da shi, ta tanadi a riƙa biyansu kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu a wata. Sai dai tana da wa'adi: a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙata cikin shekara 1. Duk wannan yana tsayuwa ne a kan abu ɗaya, a ce akwai shaidar cewa mutumin ya yi aiki a wurin. Littafin heluma kuwa, in ma akwai shi, abin da ke ciki shi ne "Dogo, kwana uku", "Na-Kamba, kwana biyar". Matar Dogo tana can ƙauye, za ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, damina ta sauka a shiga noma, shekarar ta cika ba wanda ya taɓa gaya mata akwai wata takarda da ake cikewa a Birnin Kebbi.